Kujerar Baya

Motar ba sabuwa ba ce ko a lokacin da maigidana ya saye ta. Ja ce, ta kwana biyu a duniya, ƙofar direba sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Shi malamin gona ne a Funtua, ni kuma ina koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma shi ya koya mini tuƙi a wani filin ƙwallo, yana faɗa ina ramawa. Yana da wata ɗabi'a da na sha yi masa tsiya a kanta: bai taɓa cika tanki ba. Galan guda wurin 'yan bumburutu, wani lokaci rabin galan, shi ke nan. Hujjarsa dangi. Wai duk ranar da aka ji motarka cike take da mai, ranar za a zo aro, a kai amarya ƙauye, a dawo maka da tanki kamar an lashe shi. In kuwa allurar man tana ƙasa, mai aron da kansa zai ji nauyin baki. Na ɗauki ɗabi'ar a wurinsa ban ma san na ɗauka ba.

A wata bazara ciwo ya kayar da shi. Likita ya duba shi da hantsi, ya ce mu wuce Zariya, kada ma mu koma gida. Muka kwantar da shi a kujerar baya, ƙaninsa ya tallafe masa kai, na ja motar. Rana ta take, kwalta sai walƙiya take yi. Kafin mu kai Giwa motar ta yi tari. Haka nake kiran abin har yau, don ban sami wata kalma ba. Ta shaƙe, ta zabura, ta sake shaƙewa, sannan ta yi shiru, na gangara da ita gefen hanya da sauran gudunta. Na murza makulli har yatsuna suka yi ciwo, inji na juyawa amma ba ya kamawa. Na fita tsakiyar titi ina ɗaga hannu, motoci na kauce mini, kuma ban ga laifinsu ba. A shekarun nan wa zai taka burki a dajin nan don ya ga mace tana ɗaga hannu? Da ƙyar ƙanin ya sami wani mai babur, ya hau suka tafi neman bakanike. Na shiga baya na ɗora kan maigidana a cinyata, ina yi masa fifita da gefen mayafi. Bai faɗi wata magana da zan riƙe ba. Ya nemi ruwa na ba shi, ya ce akwai zafi. A nan ya cika.

Da suka dawo da bakaniken, ko bonet bai buɗe ba. Ya zura hannu ta taga ya murza makulli don ya ji yadda take yi, sai ta tashi. Murzawa ɗaya. Ta tsaya tana aiki lafiya lau, kamar ba ita ba, ni kuwa ina zaune a baya da kan mamaci a cinyata. Mutumin ya kalle ni, ya kalli ƙanin, ya cire hularsa. Ita ta mai da mu Funtua, ko sau ɗaya ba ta ƙara yin tari ba.

Masu ta'aziyya duk abu ɗaya suka faɗa, kwana ne ya ƙare. Na sani, na kuma yarda, ban taɓa jayayya da wannan ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro tashin nan ne da ta yi. Sai na riƙa jin kamar jira take yi, kamar an sa ta ta tsaya har a gama abin da za a yi, sannan aka sallame ta. Ban faɗa wa kowa ba, don na san abin da za a ce mini, a ce in yi istigfari, kuma na yi ya fi a ƙirga. Da aka zo rabon gado 'yan'uwansa suka ce a sayar da ita, na ce a sa ta cikin rabona. Suka yi mamaki, ni ma na yi. Na tsane ta, amma ban iya tunanin wani ƙato ya zauna a kujerar nan yana shan rake ba. Na shimfiɗa bargonsa a kai, na kulle ƙofofin baya biyu, ban ƙara buɗe su ba.

Bayan na fita takaba na nemi canjin wurin aiki zuwa Malumfashi, saboda Inna. Garinta ne, can ta koma bayan rasuwar babanmu, amma ni a Kaduna na tashi, ban san garin ba sai a zuwan biki. Na kama gida na ɗauko ta muka zauna tare. Ban san mai nama ba, ban san mai gyaran wuta ba, balle bakanike. A Funtua muna da namu, abokin maigidana ne, sai dai a makon da abin ya faru motar daga hannunsa ta fito. Ban zarge shi ba, ban kuma ƙara iya kallon fuskarsa ba.

Inna tana da hawan jini, kuma likita ɗaya ta yarda da shi a duniya, shi kuwa a Funtua yake. Duk wata sai na kai ta. A gaba take zama, kusa da ni, tana ba ni umarnin tuƙi, ita da ko keke ba ta taɓa hawa ba. Sau ɗaya ta waiwaya ta kalli bargon, ta kalle ni, ta mai da idonta kan hanya. Da damina da lokacin sanyi ba mu sami matsala ba. Da zafi ya fara shigowa, muna dawowa wata rana, mun wuce Bakori kaɗan, na ji shi. Ɗan ƙaramin tari, sau ɗaya, ta ci gaba da tafiya.

Na ce, "Inna, kin ji?"

Ta ce, "Mi zan ji? Ni ban ji komi ba. Ke dai kina tuƙi kamar wadda aka biyo."

Tun daga ranar abu ɗaya ke raina. Wata rana jinin tsohuwar nan zai hau, za a ce a yi maza, ni kuma zan sa ta a motar nan, kuma motar nan na san abin da take yi da marar lafiya. Sayen wata ya fi ƙarfina. Motar haya kuwa sai ta cika take tashi, ba ruwanta da numfashin kowa.

Haka na shiga bin gareji-gareji. Mace ita kaɗai a gareji abin kallo ce. Tambayar farko kullum ita ce ina maigidan, in na ce ya rasu a yi mini gaisuwa, sannan a ci gaba da yi wa motar magana ta saman kaina. Na farko ya canza fulogi. Na biyu ya ce na farkon bai san aikinsa ba, ya wanke nozul, ya yi juyen baƙin mai da ban tambaye shi ba. Kowanne da safe nake kai masa, da sanyin gari, ya tayar da ita a inuwa ya taka totur har akuyoyi su watse, ya ce, "Ji fa, Hajiya, kamar agogo." In ce ai ba a nan take yi ba, sai a hanya, sai da zafi. Su yi murmushin nan da maza ke yi in mace ta yi maganar inji. Ban ce sun cuce ni ba, abin da suka gani suka gyara. Haushina shi ne ba wanda ya yarda na ji abin da na ce na ji.

Na ukun ma ƙila da shi ya gano. Ya saurare ni sosai, ya zagaya motar, sai na ga ya kai hannu ƙofar baya. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, gareji duk ya yi tsit. Ya ɗaga hannuwansa sama ya ja da baya. Ya ce, "To Hajiya, wannan ba aikinmu ba ne, ki kai ta wajen malamai." Na ja motata na tafi kunya kamar ta kashe ni. Daga baya na ji har suna aka sa mini a layin, malamar nan mai jar mota da ba a taɓa wa baya.

Wata ƙawar Inna ce ta kawo maganar wani tsoho. Mai daddawa ce daga wajen Ƙarfi, duk ranar kasuwa sai ta biyo sun sha hira. Ta ji ina mita, ta ce akwai wani a wajensu, shi ke gyara musu injin niƙa da na ban ruwa, har manyan motocin da ke kwasar masara in sun maƙale shi ake ɗaukowa. Ya daɗe yana aikin inji a gidan gurzar auduga kafin ya dawo gona. Sai ta rage murya ta ce, "Sai dai fa mutanen gidansu ba su salla, har yanzu suna kan na kakanni."

Inna ta ce, "Mota za a gyara, wa ya ce limanci za a ba shi?"

Na je wata Asabar. Ba allo, ba rumfar kwano, gindin ɗorawa ne kawai a bayan rumbuna, da tsofaffin injuna jere kaji na kiwo a tsakaninsu. Yana gona wajen shara, matarsa ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa a ƙwarya. Can ya iso da gatari a kafaɗa, gajeren dattijo mai furfura, toka duk ta ɓata masa ƙafafu. Muka gaisa, ya tambayi gida da aiki da zafi, bai tambayi maigida ba. Na yi masa bayani yadda na saba, ina jiran murmushin. Bai yi ba. Ya tambaye ni da wane lokaci take yi, a wace hanya, in ta yi tarin tana mutuwa ko tana wucewa. Na ce sau ɗaya ta taɓa mutuwa, ban ƙara komai a kai ba.

Ya ce, "To ɗiyata, ni ba ni taɓa mota sai na shige ta. Mai ita ya tuƙa, a hanyar da take yi mashi, a lokacin da take yi. Mota ba ta faɗin ciwonta a gindin itace. Ki taho da azahar mu kama hanyar Funtua, ke a gaba ni a baya."

Na ce, "A gaba za ka zauna, Baba."

Ya ce, "A baya nake zama. Gaba hayaniyar inji ce, komi ya cakuɗe. A baya ake jin mota."

"Ba a zama a bayan."

Ya dubi motar, ya hango bargon ta gilashi, ya daɗe yana kallo. Na shirya faɗa, don na san yanzu za a fara lallashi ko wa'azi. Sai kawai ya ce, "To. Ni kuwa ban iya wata hanya ba. Ki gai da gida." Ya ɗauki gatarinsa ya shige. Na dawo Malumfashi ina ta zaginsa a raina, tsoho sai taurin kai, ana kawo maka aiki har gida kana kafa sharaɗi.

Ba a yi mako biyu ba, wata safiya Inna na dama koko a tsakar gida, ludayin ya suɓuce daga hannunta. Ta dafa bango ta zauna a hankali, ta ce jiri ne. Ya wuce, har ta shiga yi mini faɗa don na zubar da ruwa garin gudu. Amma a ɗan lokacin nan na kalli motar a ƙofar gida, na ga ƙarara cewa da abin ya yi tsanani ba zan iya sa ta a ciki ba, ba ni kuma da wata. A ranar, da na tashi daga makaranta ban biya gida ba, na miƙe Ƙarfi.

Na same shi yana kwance wani injin ban ruwa. A tsaye na faɗa masa komai, tun daga likita har murza makullin nan guda ɗaya. Ban taɓa faɗa wa kowa da wannan tsarin ba, ban san me ya sa shi ba. Ƙila don ba zai ce in yi istigfari ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya tashi ya wanke hannunsa da toka da ruwa har gwiwar hannu, ya shiga gida ya sako riga mai tsabta. Ya tambaye ni ko na ƙara mai yau, na ce a'a, kamar kullum take. Ya ce in bar ta haka.

Ni na buɗe ƙofar da hannuna. Ta yi ƙara saboda daɗewa, wani wari na rufaffen ɗaki ya fito, da ɗan sauran ƙamshin turarensa a bargon, ko kuma hancina ne ya ƙirƙiro. Tsohon ya cire takalmansa ya ajiye a ƙasan motar. Kafin ya shiga ya ɗan rusuna a bakin ƙofa, ya yi magana a hankali, ba da ni ba.

Ya ce, "Maigida, sannu da hutawa. Baƙo ne. Zan ɗan zauna wurinka, aikin iyalinka ya kawo ni."

Na yi a'uzubillahi a zuciyata, don ba haka aka koya mana ba, mamaci addu'a ake yi masa, ba sallama ba. Amma ba zan ɓoye ba, wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjina ya ɗan saki. Tun ranar da abin ya faru, shi ne mutum na farko da ya nuna ya san akwai wani a kujerar nan.

Muka kama hanya rana na dukan mota. Gonaki duk an share, hayaƙin ƙona kara na tashi nan da can. Na yi ƙoƙarin kada in kalli madubi, amma ido ba ya jin magana. Duk ɗagowa sai in ga siffar namiji a baya, kafaɗa da hula, gabana ya faɗi kafin in tuna ko wane ne. Ya dafa tafin ƙafarsa a ƙasan motar ya lumshe ido. Muka wuce Malumfashi, muka wuce Bakori, har muka shiga Funtua ba ta yi komai ba. Na ji kunya ta fara kama ni. Ya ce in juya, kada in kashe ta.

A dawowa ne, na ɗaga ido ban gan shi a madubin ba. Na waiwaya. Ya kwanta a kan bargon, ya naɗe ƙafafu, kansa a daidai inda kan maigidana ya kasance, kunnensa manne da kujera. Motar ta kauce har tayar gaba ta sauka daga kwalta, na dawo da ita da ƙyar. Na kasa ko salati.

Daga kwancen ya ce, "Riƙe sitiyarinki, ɗiyata. Saurare nake. Ga shi nan yana kuka, ci gaba."

Ba mu yi nisa ba ta yi tari. Ta shaƙe, ta zabura, ta sake shaƙewa, ta yi shiru. Komai daidai da wancan, har yadda na gangara gefen hanya da sauran gudunta. Na kai hannu makulli.

Ya tashi zaune ya ce, "Bar shi. Na ji abin da kika ji. Fito mu sha inuwa."

Muka zauna a gindin wata tsamiya, shi a kan saiwa, ni a kan dutse. Motoci na wucewa ba mai tsayawa. Ya ce akwai famfon da ke tura mai zuwa inji, kuma a irin motar nan cikin tanki yake, tankin kuwa a ƙarƙashin kujerar baya. Man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi. In ya tsufa, ga zafin gari, ga doguwar tafiya, ga mai ɗan kaɗan a gindin tanki, sai ya yi zafi ya tsaya. In ya huce sai ya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Ya faɗi wannan yana karya wani ɗan kara a hannunsa, ba tare da ya kalle ni ba. Muka jira har inuwar ta ɗan matsa. Sannan ya ce in je in murza.

Murzawa ɗaya ta tashi.

Na kifa kaina a sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe ba jira take yi ba, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya sallame ta. Wani ɗan ƙarfe ne ya yi zafi ya huce. Na rasa ko sauƙi na ji ko wani sabon ciwo, don abin da na daɗe ina tsoro aƙalla yana da girma, wannan kuwa ko girman ba shi da shi. Da na natsu na tambaye shi abin da na san bai kamata in tambaya ba.

Na ce, "Baba, ranar nan, da tankin cike yake, da ta kai mu?"

Ina so ya ce a'a. Kowa a'a zai ce, ya ƙara da cewa kwana ne ya ƙare, mu tashi.

Ya ce, "Da ƙila ta kai ku. Ba zan ce maki a'a ba. Ko da kun kai zai tashi, wannan ban sani ba, ni ciwon mota na sani."

Na ji haushinsa kamar in sauke shi a wurin. Sannan haushin ya wuce shi ya tafi inda ban zata ba, wurin mutumin da ke kabari, da rabin galan ɗinsa, da dabararsa ta hana dangi aro. Har muka iso Ƙarfi ina faɗa da shi a zuciyata, irin faɗan da muke yi a filin ƙwallo, sai dai wannan karon ba mai ramawa. Amma tun kafin in ajiye tsohon na san na sami bakanike. Wanda bai yi mini ƙarya a wannan ba, ba zai yi mini a kan fulogi ba.

Ya sa aka kawo sabon famfo daga Funtua. Ranar da zai sa, ya ce ni zan ɗauke bargon, shi ba zai taɓa ba. Na naɗe shi na rungume, ya ɗaga kujerar. Ba komai a ƙasa sai ƙura da wasu 'yan ƙwayoyin masara masu jan magani, irin da maigidana ke kai wa manoma, sun zube sun maƙale a lungu. Tsohon ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, halin manomi, ya zuba mini a tafin hannu. Daga baya ya miƙo mini tsohon famfon, wani baƙin abu da bai fi kwalbar man shafawa ba, ya ce ga shi, kayana ne. Na juya shi a hannuna na ce ya jefar. Masarar na ƙulle a bakin mayafi. Da zan tafi ya ce kada in ƙara barin allurar ta sauka ƙasa da rabi, masu aro kuma in koyi ce musu a'a da bakina.

Ranar da nake tsoro ta zo a ƙarshen bazarar, ana ta haɗa hadari ba ruwa. Inna ta faɗi bayan azahar, bakinta ya ɗan karkace, ta kasa zama. Ni da maƙwabciyata muka ɗauko ta. Na tsaya a gefen motar da makulli a hannu, maƙwabciyar na jiran in buɗe, kuma ba inda za a kwantar da mutum sai wuri ɗaya. Na buɗe. Ban yi sallamar tsohon ba, bismillah na yi, amma na ɗan tsaya a bakin ƙofar kafin mu shigar da ita. Maƙwabciyar ta tallafe mata kai, na ja.

Tanki cike yake, famfo sabo, na san duk wannan. Duk da haka muna wuce Bakori na ji tarin, sarai, a cikin kunnena. Na kalli allurar gudu ba ta motsa ba, motar na tafiya sumul. Na tambayi maƙwabciyar ko ta ji wani abu, ta ce ba ta ji ba. Ban ƙara tambaya ba, na riƙe sitiyari, ban kuma kalli madubi ba har muka shiga Funtua.

A ƙofar asibiti ma'aikata suka zo da gadon turawa suka ɗauke ta. Tana numfashi, har tana ƙoƙarin gyara ɗankwalinta da hannun da ke aiki, tana wata magana da ba ta fita sosai, na tabbata faɗa ne. Inna ta ƙara shekaru bayan wannan, tana jan ƙafa tana ba ni umarnin tuƙi. Tarin kuma ban rabu da shi ba, duk bazara sai na ji shi a hanyar nan, na daina kai shi gareji.

Amma a ranar, bayan sun shige da ita, na zauna a motar inji na aiki, na kasa sauka. Mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce Hajiya a gyara fakin, an tare hanya. Na gyara. Na waiwaya na kalli kujerar baya, ba kowa, sai takalmin Inna ƙafa ɗaya da ya faɗo. Sannan na kai hannu na murza makullin baya, ta yi shiru. Wannan karon ni na kashe ta, kuma mun riga mun iso.